Amanar Jouni

Jouni ya bi jirgin kaya zuwa tekun kudu,
ya bar mini makulli, da takarda manne a firji,
da akwatin gilashi a ɗakin da ya girma.
"Mama, sunanta Lanka. Ba ta cizo."
Ni da ko tiyon ban ruwa na gani a lambu
sai na duba sau biyu kafin in tsallake.

Takardar ta ce: kwana goma-goma.
Ciro ɓera daga firiza, yana ƙarƙashin kifi.
Sa shi a leda, sa ledar a ruwan ɗumi,
kada ki tafasa.
Taɓa cikinsa, in babu sauran ƙanƙara
kama wutsiyar da dogon awartaki,
ki ɗan girgiza shi kamar mai rai.
Shekara arba'in ina girki a makarantar Oulu,
ban taɓa yi wa abinci rawa ba sai bana.

Sau uku ta ci.
Na ga yadda take fara daga kai,
muƙamuƙi na tafiya, hagu sannan dama,
kamar mai cusa ƙafa a safa da ta yi kaɗan.
Bayan nan kwana biyu ba a taɓa ta.
A wanke hannu. Kada a zo mata ta sama,
don daga sama shaho ke zuwa.

Da rana ta daina leƙo garinmu
sai ta ɗaure baki.
Nuwamba, Disamba.
In miƙa, ta fito da harshe, ta lasa iska,
ta mai da kai cikin jiki, ta naɗe kamar gammo.
Ɓera bakwai na zubar.
Na rubuta wa Jouni, ya ce haka suke,
mesa takan yi wata huɗu ba ta mutu ba.
Na ce, to daga wa ka koyi barin kwano a cike?

Daren sha tara ga Janairu guguwa ta kayar da waya.
Fitilar akwatin ta mutu, firji ya yi shiru.
Na haska ma'aunin zafi da tocila:
talatin da ɗaya,
ashirin da shida,
ashirin da biyu.
A waje dusar ƙanƙara ta kai rabin taga.
Takardar ba ta ce komai a kan wannan ba.

Na ɗaga murfi.
Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya can wajen wutsiya,
yadda ya nuna mini ina kallon bango.
Ashe ba santsi gare ta ba.
Busasshiya ce, mai sanyi, mai nauyin bulo ɗin man shanu uku.
Na sa ta cikin suwaitar da na saƙa wa marigayi,
na ja bargo, na zauna.

Ta zagaya haƙarƙarina tana ƙirga su,
ta sami wuri ƙasan cibiya ta lafa,
daidai inda Jouni ya yi wata tara
yana shurina da dare.

Reijo na ƙasan bene ya ƙwanƙwasa da fulas ɗin kofi.
Na ce, ajiye a ƙofa, ina da baƙuwa.

Wuta ta dawo ƙarfe biyar da kwata.
Na mai da ita, ba ta waiwayo ba,
ban kuwa ce ta san ni ba.
Ita dai ɗumi ta sani, ni ce nake da shi.

Bayan mako biyu ta yi saɓa,
doguwa, cikakkiya, har da murfin ido.
Tana kwandon zarena yanzu.
Jiya na narkar da ɓera na takwas,
ina tuna cewa abin da ruwan zafi ya dafa
na sanyi ma zai dafa, in an jira.
Kafin in gama girgiza shi
awartakin ya zama wayam.

Na rubuta wa yaron: Ta ci.
Kai fa?